Wa ya ce ɗan Makarfi ba shi da kan lissafi?

Akwai wata magana a bakin yaranmu da ta fi faɗuwa jarrabawa tayar mini da hankali: “Ni kaina ba ya ɗaukar lissafi.” Ana jin ta a makarantun sakandare daga Makarfi har Ikara da Hunkuyi, kuma mai faɗar ta ko kunya ba ya ji. Yaron da ya yanke wa kansa wannan hukunci tun yana ƙaramar sakandare yakan daina ɗaga hannu, ya koma bencin baya, ya riƙa kwafar aikin gida. Kafin WAEC ko NECO ta iso an riga an gama, ita dai sa hannu kawai take yi.

Masu bincike a Amurka sun daɗe da lura da haka a kan ɗalibai baƙar fata. Danny Martin, a littafinsa na 2000, ya tattauna da ɗalibai da iyaye da malamai, ya nuna cewa yadda yaro ke ganin kansa a fagen lissafi, da abin da gida da makaranta ke nanata masa, suna da hannu a nasararsa ko faɗuwarsa. Can launin fata ake jingina wa raunin. Mu nan muna da namu: ɗan ƙauye ne, ɗan makarantar gwamnati ne, mace ce ai aure za ta yi.

To amma a je kasuwar rake ta Makarfi a tsaya kusa da mota ana lodi. Yaron nan da aka kira daƙiƙi a aji shi ne zai ƙirga dami, ya buga da farashi, ya fitar da la'adar dillali da kuɗin 'yan dako, duk a ka, kafin mai wayar salula ya gama latsawa. Idan aka ci masa naira hamsin sai ya gane. Ba na cewa wannan shi ne aljabara. Tsakaninsu akwai tafiya. Amma kan da ya iya wannan ba a ce masa fanko.

A zauren malamai ma haka. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Mata tana da tumuni, 'ya'ya sulusi biyu, iyaye kowa sudusi. A kan asalin 24, rabon ya zama 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27, ya zarce dukiyar. Sai malamin fara'ili ya yi auli, ya mai da asalin 27, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Wannan fa shi ne darasin da ke sa ɗan aji ɗaya gumi, ga shi tsofaffinmu suna warware shi a kan buzu.

Yara nawa aka taɓa gaya wa labarin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi a cikin hatimi kowane layi ya ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741? Ko Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, nan Zariya kusa da mu?

Kada a ɗauka kirari kaɗai zai ci jarrabawa. Bob Moses da ya kafa shirin koyar da aljabara a 1982, wanda ya amfani yaran baƙar fata da dama a Amurka, koyarwa ya yi, yana farawa daga abin da yaran suka sani kamar hawa jirgin ƙasa. Ajin da ya cika maƙil ba malami, ko nawa aka zuga yara ba za su iya ba.

Inda na fi ganin laifinmu shi ne rabon aji a farkon babbar sakandare. Sai a ware “masu ƙoƙari” zuwa kimiyya, sauran a tura su wani aji daban, malamin lissafi ya riƙa shigar musu in ya ga dama. Alhali da yawansu ma kiredit ɗin lissafi na jiran su a ƙofar manyan makarantu. Yarinyar da ke burin karatun kiwon lafiya a nan Makarfi, wannan darasin ne zai iya tare ta. Shugabannin makarantu su duba jadawalinsu na wannan zangon, su ga wane aji aka ba malamin da ya fi iyawa, wane ne kuma aka bar wa ɗan bautar ƙasa.