Sulhun Da Ba A Ajiye Bindiga Ba

Tun ƙarshen shekarar 2025, sa'ad da 'yan bindiga suka tsallako daga ƙasar Katsina suka faɗa wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suka kwashi mutane da dabbobi, wata magana ta yawaita a bakin Kanawa. Waɗansu suna cewa, tun da maƙwabtanmu sun zauna da mutanen daji sun yi sulhu, me zai hana Kano ta bi sahunsu? Masu wannan tambaya ba wawaye ba ne, tsoro ne da tausayi suka sa su yin ta. Saboda haka ya kamata a amsa musu da hankali.

Kada mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam su ce abin ya yi musu nisa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar nan ta zama rumbun Kano. Shinkafa da alkama da tumatir ba su yankewa rani da damina, motoci kuwa kullum suna lodi a Kwanar Gafan. Ɓarawo ba ya zuwa inda babu kome. Ga kuma dajin Falgore a kudu, wanda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba Tiga, ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu. A waɗansu ƙauyukan Zamfara manomi ba ya shuka, ba ya girbi, sai ya biya 'yan bindiga haraji. Ran da aka fara haka a Kadawa, aikin shekara hamsin ya rushe.

To, bari mu duba abin da sulhu ya haifar inda aka gwada shi. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi wa 'yan bindiga afuwa a 2016, ya sake zama da su a 2019. A 2020 da bakinsa ya ce sun ci amana, ba shi ba su. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban makarantar Ƙanƙara ran 11 ga Disamba, 2020, inda aka sako yara 344 bayan kwana shida, ya zo Gusau a watan Fabrairu, 2021, ya dafa Alƙur'ani ya ce ya tuba. Wata uku bai cika ba ya koma daji, can aka kashe shi.

Dalilin lalacewar irin wannan sulhu a fili yake. Na ɗaya, mutanen daji ba su da sarki guda. Ka shirya da wannan, gobe wancan ya zo neman nasa rabo. Na biyu, sukan zo wurin taron sulhu da bindigoginsu a kafaɗa, su koma da su. Na uku, gundumar da ta sayi zaman lafiya ba ta kashe wutar ba, tura ta ta yi gidan maƙwabci. Na huɗu kuwa, shi ne mafi muni, yaro matashi yana kallo: ya ga mai gaskiya yana fama da fartanya ba wanda ya san da shi, mai bindiga kuwa manya suna shimfiɗa masa tabarma.

Ba mu ce a rufe ƙofar magana ƙaf ba. Uban da aka sace wa ɗa, ya sayar da gonarsa ya fanso shi, ba mu da bakin zarginsa. Amma abin da ake yi wa uba uzuri a kansa bai zama ka'idar Gwamnati ba. Wanda ya miƙa makamansa, ya saki waɗanda ya tsare, ya yarda a rubuta sunansa, a saurare shi. Ko afuwar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009, sharaɗinta na fari ajiye makamai ne.

Akwai kuma sulhun da muke goyon baya ɗari bisa ɗari, watau na manomi da makiyayi. Shanu su shiga shinkafa, ko manomi ya nome burtali, wannan rigima ce ta masu hakki biyu. Hakimi da dagaci da Arɗo su yanke ta da wuri, a biya ɓarna bisa adalci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zaluncin da aka ƙyale shi ke tara wa daji mayaƙa.

Ku ma'aikatan hukuma da malaman makaranta, ku jama'a ke tambaya. Akawu ya tsare littafin burtali da mashaya, kada a sayar da su a ɓoye. Mai unguwa ya san baƙon da ya sauka, ya kai rahoto. Malami ya jawo ɗan Bafillace aji tare da ɗan manomi. Gwamnati kuwa ta tsare iyaka da daji tun ba a kai ga ciniki ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.