Bununin Dabino: Tsakanin Ɗakin Bincike da Lasifikar Mai Talla

Ya kai mai karatu, manomi ya san bununi, wato lallausan garin nan da ke fitowa a kan gero idan ya yi fure. Namijin dabino ma yana da nasa, wanda sai ya sauka a furen mace sannan a sami 'ya'ya. Yanzu kuwa bununin dabino ya zama haja. Ana ɗura shi a kwalba, ana tallarsa a kasuwa da Facebook, wai maganin rashin haihuwa ne, kuma wai kimiyya ta tabbatar.

To, me kimiyyar ta yi? Kowace ƙwayar bununi tana da ɓawo mai tsananin tauri, har yakan shekara dubbai cikin laka bai ruɓe ba. Saboda haka masu bincike sukan busar da shi, su niƙa, su jiƙa a etanol, wani lokaci su girgiza shi da na'urar sauti don ya saki abin da ke ciki. Sai a tace, a ƙafe ruwan, a zuba ragowar a na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Ta haka aka gano sinadarai irin su rutin da kwasetin. Amma fa yawancin gwajin da ya shafi haihuwa a kan ɓeraye aka yi shi. Na mutane kaɗan ne, kuma waɗanda aka gwada ba su da yawa. Ko adadin sinadaran ma yakan bambanta daga wannan gona zuwa waccan. Ga kuma mai asma, ko wanda jikinsa ba ya jituwa da bununi, yana iya galabaita.

A nawa ra'ayin, laifin ba na mai talla kaɗai ba ne. Shi da Hausa yake magana, kuma da lasifika. Sakamakon bincike kuwa yana kwance cikin mujallun Turanci. Matar da ta shekara goma dangin miji na mata gori, wa za ta ji?

Nan ne aikinmu, mu ɗaliban Hausa. Ni da na koyi harshen da girmana na san yadda bayani ke shiga idan an faɗe shi a sauƙaƙe. Me zai hana ɗayanmu ya yi kundin kammala digirinsa a kan wannan? Ya haɗa kai da ɗaliban sashen kimiyyar sinadarai, ya je Dutse inda ake da tashar binciken dabino, ya ji kalmomin manoman can, sannan ya kai abin da ya samo gidan rediyo.