Slavia, Slovan da Sloviansk: Suna Ba Takardar Gado Ba Ne

Duk wanda ya bi wasannin Peter Olayinka a shekarun da ya yi a Slavia Prague ya saba da sunan ƙungiyar, amma ƙalilan ne suka tambayi ma'anarsa. Slavia na nufin ƙasar al'ummomin Slav, wato dangin da suka haɗa Rashawa da mutanen Yukiren, Poland, Czech, Sabiya, Kuroshiya da Bulgeriya, waɗanda harsunansu suka fito daga tushe ɗaya.

Ɗalibai ne suka kafa ƙungiyar a 1892, lokacin da Prague ke ƙarƙashin daular Austriya da Hungari, kuma Jamusanci ke rinjaye a fadar mulki. Zaɓen wannan suna a wancan zamani ɗaga kai ne na mai rauni a gaban mai ƙarfi. Gwamnatin kwaminisanci ta sauya shi zuwa Dynamo, amma zukatan magoya baya ba su sauya ba, sunan ya dawo a tsakiyar shekarun 1960. Akwai kuma Slavia Sofia ta 1913, da Slovan Bratislava wadda ta doke Barcelona da ci 3-2 a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1969.

A filin ƙwallo ban ga aibin wannan alfahari ba. Inda nake da ja shi ne lokacin da hukuma ta ɗauki sunan dangi ta mai da shi takardar gado. Yugoslaviya, sunan da aka ɗora wa ƙasar a 1929, ma'anarsa ƙasar Slav na kudu. Sunan bai hana ta wargajewa daga 1991 ba, kuma a Srebrenica, cikin Yulin 1995, Slav ne suka kashe 'yan uwansu Slav Musulmi, maza da yara sama da 8,000. Zumunta a ƙafa take, ba a allon suna ba. A Yulin 2021 Vladimir Putin ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da mutanen Yukiren al'umma ɗaya ce. Watanni bakwai bayan haka tankokinsa suka nufi Kyiv.

Nan ne maganar ta iso teburin mai tace labari. Garin gabashin Yukiren da 'yan bindiga masu goyon bayan Rasha suka kama a Afrilun 2014, Rashawa na kiransa Slavyansk, hukumomin Yukiren kuma Sloviansk. Wani abokin aiki ya ce mini wasali ɗaya ko biyu ba abin ɓata lokaci ba ne, tunda mai karatu a Abuja ba zai lura ba. Ƙila haka ne. Mu ma da har yanzu muke rikita Slovakiya da Sloveniya a kanun labarai! Sai dai rashin lurar mai karatu ba ta wanke mu, domin kowane rubutu na ɗauke da da'awar wani ɓangare. Garin yana cikin iyakokin Yukiren da duniya ta amince da su, don haka duk labarin da ya biyo ta hannuna, Sloviansk nake rubutawa.