Gurup na kiran taro ne, ba na lissafi ba



Tun da muka buɗe gurup na WhatsApp, kiran taro ya yi sauƙi. Saƙon murya guda, kowa ta ji, har wadda ba ta iya karatu ba. Da kuwa sai an aiki yaro gida-gida cikin rana.

Amma ku ji abin da ya same mu. Sakatariyarmu ta karanto sunayen masu bashi cikin gurup, da jaka nawa ke kan kowace. Mun manta cikin mu 25, bakwai da wayar mazansu suka shiga. Kafin magariba wani maigida ya san matarsa ta ɗauki jaka 30, ya ce a ba shi rabi. Jarin ƙuli-ƙulinta ne fa! An goge saƙon, to amma kunne ya riga ya ji.

Laifina ne, ni na ce a tura.

Yanzu mun tsaida magana: rana, wuri da lokacin taro kaɗai ke shiga gurup. Zubi, bashi da tara sai gaban akwati, a rubuta cikin kaye. Mun kuma gyara gurup ɗin, ni da sakatariya kaɗai ke iya tura saƙo. Mai magana ta kira ni, ko ta bari sai Alhamis.