Zauren Uwargida: Kafin ki ɗauki kwarashi, gwada zaren da ashana

 

Mu nan Ngaundare sanyi ba ya sallama. Garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga gaɓar teku, shi ya sa daga Disamba zuwa Janairu yaro ke fitowa makarantar asuba haƙoransa na kaɗawa. Na san mutanen Agadas da Damagaram za su ce namu wasa ne. To duk inda kike, yanzu ne lokacin fara saƙa, tun hunturu bai kama jiki ba. Amma bari in fara da abin da ya faru a gidanmu na haya.

Bara war haka, 'yar maƙwabciyata mai shekara huɗu tana jin ɗumi a bakin kaskon gawayi, sai hannun suwaitarta ya taɓa garwashi. Kafin uwar ta ajiye ludayi, zaren ya kama, ya narke kamar leda, ya manne a fatar yarinya. An yi makonni ana zaryar asibiti, har yau tabon yana nan. Abin da ya fi ci wa uwar rai shi ne da hannunta ta saƙa rigar, da zaren da mai shago ya ce mata ulu ne.

Kin ga, yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne, wato akirilik, wanda ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da arha, yana da launi mai kyau, ba ya wahalar wanki. Matsalarsa wuta. Ulu na gaske gashin tumaki ne: ba ya saurin kamawa, ba ya narkewa, kuma in an janye shi daga wuta yakan mutu da kansa.

Gwajin ba wuya. Yanki zaren kamar tsawon yatsa, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin babbakar kan rago, ya bar baƙin toka mai murmushewa a yatsa, ulu ne. In ya ci bal-bal da baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakiya, roba ce.

Za ki ce, "Yaya, ina zan samu ulu na gaske ban karya jarin maigida ba?" Wallahi yana cikin dilar gwanjo. Mazanmu da ke sari a Kwatano ko Kantamanto ta Akara sun san kowace dila ba ta rasa suwaitar da ba mai saye: ta yi faɗi, ko ta huje a gwiwar hannu. Irin wannan nake nema. Ki duba 'yar takardar da ke wuya ko gefe. A Faransanci laine shi ne ulu, a Turanci wool, acrylique kuwa robar ce. Suwaitar babban mutum guda ɗaya tana isa rigar ɗan shekara uku, har a samu rarar hula.

Kafin ki biya, juya rigar ki dubi ɗinkin gefe. In kin ga an datse bakin saƙar an bi shi da keke, ki ajiye, guntaye kawai za ki samu. In gefen biyu lafiyayyu ne, an haɗa su da zare ɗaya mai kama da sarƙa, wannan ce taki. Ki farke haɗin, ki fara warware saƙar daga sama zuwa ƙasa, kina naɗewa a bayan kujera. Zaren zai fito a nannaɗe kamar taliyar yara. Ki ɗaure shi wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mara zafi da ɗan sabulu, kar ki cuɗa, ki rataye a inuwa har ya miƙe.

Abu biyu na koya da asara. Na farko, ki saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki wanke, ki auna, sannan ki lissafa faɗin rigar. Na taɓa kwashe mako uku a kan rigar da ta ƙare a jikin ƙanin mai ita. Na biyu, kan yaro ya fi yadda kike zato girma, don haka ki bar tsaga a kafaɗa da maɓalli biyu. Wajen wanki kuma, ruwan zafi da cuɗa suna sa ulu ya tsuke ya dunƙule. Ki matse a hankali, ki shimfiɗa a tabarma ya bushe, kar ki rataye.

Ban ce ki zubar da zaren robar da kika riga kika saya ba. Ki yi wa manya da shi, ko jaka, ko mayafin kujera. Amma rigar yaron da zai zauna kusa da murhu, a gwada zarenta tukuna. Kuma ko ulu ne a jikinsa, ido dai a kan yaro.

In Allah ya kiyaye tsautsayi ya auku, ki sa wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, kamar minti 20. Kar ki ɓamɓare abin da ya manne, kar ki shafa manja ko man goge baki, ki nufi asibiti.

Alhaji, in an kwance dila gobe, a ware wa uwargida huɗajjun nan kafin a haɗa su da tsumma. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki hular jariri da safa. Allah ya tsare mana zuri'a.