Jiki magayi: mu ne ba mu saurare

Sau nawa muke zaune wurin zaman makoki mu ji ana cewa, "Lafiyarsa lau, jiya ma tare muka yi sallar la'asar, faɗuwa kawai ya yi"? Rai dai na Allah ne, babu mai ja. Amma a ganina, da yawa daga cikin mace-macen da muke kira na fuju'a ba su zo babu sallama ba. Jiki ya daɗe yana magana, mu ne muka toshe kunne.

Jijiyoyin jini kamar tiyon pampo suke. Shekara da shekaru wani kitse da ake kira kolesterol yana liƙewa a bangonsu, hanyar jini tana ƙuntata. Ranar da wannan kitse ya fashe, jini ya yi gudaji a wurin, sai hanya ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki, wadda lokotoro ke kira AVC. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya.

Alamar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce ciwon da ke zuwa da aiki, ya tafi da hutu. Magidanci ya yi sauri don ya samu jam'i, sai ya ji kamar an aza masa buhun hatsi a ƙirji, har nauyin ya kai hannun hagu ko muƙamuƙi. Ya tsaya kaɗan, abin ya lafa, sai ya ce majina ce ko gyambon ciki. Wani kuma sharaɓarsa ke ɗaurewa in ya yi tafiya, ya ce sanyi ne. Haka ƙafar da ke yin sanyi ƙalau, ko miki a yatsa da ya ƙi warkewa. Raunin mazakuta ma, da ake jin kunyar faɗa, yakan zama sallamar farko, amma sai a ruga wurin mai tallar ƙwayoyi a bakin tasha. Mata da masu ciwon sukari su yi hattara sosai, domin su wani lokaci haki, zufa, tashin zuciya da kasala ne kawai suke ji.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya yi duhu farat ɗaya. Ko da abin ya wuce cikin ƴan mintoci, gargaɗi ne. Mu daina cewa iska ce ko sammu, muna ta turare har gari ya waye. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, don awoyin farko su ne ke raba mai tashi da ƙafarsa da mai kwanciya shekaru.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Taba sigari, gishiri da dunƙulen magi masu yawa, kitsen balangu, shayin fada da ake cika wa sukari, da hawa kabu-kabu ko ina za mu, su ne tsagar. Gishirin da aka yarda wa babba bai kai giram 5 a yini ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna tansiyo da sukari. In awo yana kai 14/9 ko ya wuce, ya ga lokotoro, kuma kar ya bar shan magani don ya ji sauƙi.

Kirana ga hukumomin kiyon lafiya, limamai da gidajen rediyo shi ne su yi ta faɗin waɗannan alamu da harsunanmu, kamar yadda ake yi wa masassarar cizon sauro. Tawakkali ba sakaci ba ne. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.