Kwamfutar ɗan kasuwa: ƙarin garanti ko gyaran hannu?

Daga Maraɗi zuwa Birnin Konni, daga Ɗan Isa zuwa Magarya, kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga rumfunan ƴan kasuwa. A cikinta ake ajiye lissafin kaya da sunayen masu bashi. Ranar saye kuwa mai kanti kan ce: “Alhaji, ƙara wani abu in ba ka garantin shekara 2.” A ganina, ga yawancinmu wannan kuɗi yana da wurin da ya fi dacewa da shi.

Da farko, a dubi abin da ke kashe kwamfuta a yankinmu: ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin bazara da ke wuce digiri 40, wutar lantarki mai hawa da sauka, sai faɗuwa daga kan babur ko zubewar shayi. Garanti na yau da kullum aibin da ya fito daga masana'anta kaɗai yake ɗauka. Faɗuwa da jiƙewa da ƙunar wuta ba sa ciki, sai in an sayi wani tsari daban. Batir ma galibi shekara 1 ake lamunce shi.

Na biyu, wa zai cika alkawarin? Mafi yawan kwamfutocinmu na hannu ne, daga Kwatano ko Legas ko Dubai, garantin kamfani ya ƙare tun suna wajen mai su na farko. Abin da ya rage alkawarin mai kanti ne, mai kantin kuma sau da yawa yana Kano. Ba mu manta ba, Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda injinsa ya mutu a lokacin, ina takarda ta kai shi?

Ba ina nufin kowa ya ɗauki sukundireba ya zama makanike ba. Akwai aikin da mai natsuwa zai iya: share ƙura, canza batir, ƙara RAM, sauya faifan ajiya. Ire-iren ThinkPad da Latitude da EliteBook ba su da wuyar buɗewa, kamfanoninsu ma sun wallafa littattafan gyara kyauta a intanet. A cire caja, a raba batir da inji kafin a taɓa komai. Amma in matsalar ta kai ga babban allon ciki, ko batir ya kumbura, a kai wa mai sana'a. Batirin da ya kumbura in aka huda shi yana iya kama wuta, rumfa kuwa ba ta kaɗai take ci ba.

Wanda ya sayi sabuwa dal mai tsada, wurin wakilin kamfani da ke cikin ƙasa, yana iya ƙara garanti, muddin an rubuta abin da ya ƙunsa, kuma kada ya buɗe ta da kansa sai ya karanta sharuɗɗan. Mai sayen ta hannu kuwa ya nemi rasit mai lambar inji da kwanakin gwaji, ya duba lambar a shafin kamfanin ya ga ko akwai sauran wa'adi. Kuɗin ƙarin ya sa su a na'urar daidaita wuta, caja ta asali da jaka mai kauri.

Abu na ƙarshe shi ya fi duka nauyi. Babu garantin da ke maido da lissafin da ya ɓace. Kowace Juma'a a kwafe shi a filas, a ajiye a gida, littafin bashi na takarda ma kada a yar da shi. Inji ana sake saye, amma mai bashin da ya ji lissafi ya ɓace, da wuya ya kawo kansa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.